Kare ba jinin yake bi ba, barewar yake bi

Aikin wannan ɗan kamfani namu guda ɗaya ne, horar da kare ya nemo barewar da maharbi ya harba ta gudu da rauni. Ba kora ba, ba kamu ba, nemowa kawai. Duk wanda ya taɓa harbi ya san ba kullum dabba take faɗuwa inda aka same ta ba, wata sai ta kwashi harsashi ko kibiya ta kutsa cikin sarƙaƙiya ta je can ta mutu, nama ya lalace ita kuma ta sha azabar banza. To wannan asarar muke tarewa.

Abinda nake ta nanata wa kwastomomi har bakina ya gaji shine, ƙwararren kare ba jini yake bi ba. Jini yankewa yake yi. Zaka ga ɗigo-ɗigo kan ganye kana ta murna, can sai ɗif, kitse ko hanji ya toshe ramin raunin, jinin ya koma zuba ta ciki. A tsakanin kofaton barewa akwai wani ɗan gurbi dake fitar da maiƙo mai wari, duk taku sai ta bar shi a ƙasa, ga gashin da ya karkaɗe, ga ciyawar da ta murƙushe, duk wannan shine sawunta ita kaɗai. Aikina in sa kare ya riƙe warin wannan guda ɗayar, ko da lafiyayyu goma sun gitta ta kan sawun ɗazu-ɗazun nan kar ya ɗaga kai.

Tun yana ɗan kwikwiyo muke farawa. Guntun hanta zan ɗaura a igiya in ja a ƙasa 'yan taku kaɗan, a ƙarshe ya tarar da ladansa ya ci, wasa ne kawai a wajensa. Daga nan sai jinin barewa da muke adanawa a firiza, a zuba a gorar roba mai huda ana ɗigawa. Sirrin kuma ragewa ne. Kullum jinin na raguwa, sawun na ƙara tsawo, ana ƙara kwana da lanƙwasa, ana barinsa ya kwana raɓa ta sauka a kai rana ta dake shi kafin a kawo kare. Can gaba sai mu ɗauko takalmin nan da Jamusawa suka ƙirƙiro, wanda ake maƙala kofaton barewa a jikinsa ka taka ka bar sawu, kuma ni dai bana haɗa kofaton wata da jinin wata, in kayi haka ka koya wa kare cewa canza dabba ba laifi bane. Alamar hanya kuwa a bayan bishiya nake ɗaura ƙyalle, sama inda idonsa bai kai ba, don karnukan nan wayo ne da su, in ya gano sai ya ajiye hanci ya koma bin ƙyalle.

A Jamus, inda sana'ar nan tayi jijiya, jarrabawar karen sawu tsawon mita 1,000 ce da jini kwatan lita kacal, sawun ya kwana awa 20, a babban mataki kuma awa 40. Da wannan ma'aunin nake auna nawa karnukan. Shi yasa raina yake ɓaci da 'yan kwaikwayon nan da suka cika intanet, mutum ya kwarara jini kamar an yi yanka, ya saki kare bayan minti goma, ya ɗauki bidiyo ya ce ga ƙwararre na sayarwa. Wane kare ne ba zai bi wannan ba? Sai mai saye ya kai shi daji ranar da ake buƙata, jini na yankewa kare ya tsaya yana kallonsa. Sannan su dawo wajena, oga a gyara min shi, kuma a zo ana min ciniki wai wancan ya fi araha. Gyaran karen da aka ɓata wallahi ya fi horar da sabo wahala.

Ana yawan tambayata wane iri ya fi. Akwai karnukan Hanoba da na tsaunukan Babariya, duk a Jamus, waɗanda dama don wannan aikin aka fitar da irinsu, akwai dakshun mai gajerun ƙafafu da mutane ke rainawa alhali hancinsa a manne yake da ƙasa kuma baya jan mutum ya kayar. Amma hanci kam kusan kowane kare yana da shi, ni natsuwa nake dubawa da naci, wanda in sawu ya ɓace masa zai yi ta zagaye a hankali har ya tsinto, ba mai zumuɗi ba.

Rabin aikin ma na mai riƙe igiya ne. Dattijon da ya koya min, Allah ya saka masa, ya daɗe bai bani igiyar ba, bayansa kawai nake bi ina kallo. In na sunkuya neman jini sai ya ce, kai yaro bar ƙasa, kalli jelarsa. A wajensa na gane in kare ya ɗaga kai yana shaƙar iska jikinsa na rawa to sabon sawun wata ya ji, in kuwa ya kwantar da kai yana tafiya da nauyi igiya ta miƙe daidai to yana kan tamu. Igiyar nan mai mita 10 magana take yi a hannu. Kuma har yau yadda ya koya min nake yi, akwai abin wuya na musamman da ba'a sa wa kare sai za'a aiki, yana ganinsa zaka ga ya canza.

Maharba kuma don Allah ku taimake mu. In ka kira ni zan tambaye ka kalar jinin, ba surutu bane. Ja mai haske da kumfa huhu ne, bata yi nisa ba. Ja mai duhu hanta ce, a dakata mata. In kuwa akwai kore-kore da guntun abinci da wari to tumbi aka samu, wannan sai an bata awa 8 zuwa 12 ta kwanta, in ka matsa mata tashi zata yi ta ƙara nisa. Abinda ya fi ci min rai shine a tara abokai a tattake wajen gaba ɗaya, jini ya manne a takalma a yaɗa shi gabas da yamma, sai dare yayi sannan a tuna da mai kare. Ka ɗaura ƙyalle inda ka tsaya kayi harbin, ka ɗaura wani inda ka ga jinin ƙarshe, ka fita ta hanyar da ka shigo, sannan ka kira mu.