Kyamarar da na saya saboda ɗakin Inna

Ranar sadakar bakwai ta Baba, wani ƙaninsa da ya zo daga Gaya ya ce a ba shi hoton marigayi ya tafi da shi. Muka juye adaka, muka zazzage jakar takardu, ba mu samu komai ba sai ɗan hoton fasfo na shekarar da ya je aikin Hajji, shi ma hatimi ya ci gefen fuskarsa. A wayoyinmu akwai shi, amma ko dai daga nesa cikin taron biki, ko a zaure inda duhu ya sa fuskar ta yi dishi-dishi. Bawan Allah ya yi shekara saba'in da ɗoriya a cikinmu, mu tara ya haifa, kowa da waya a hannu, amma babu hoto guda da za a wanke a ajiye. Abin ya tsaya mini a rai. Tun a ranar na ƙudurta ba za a maimaita haka a kan Inna ba, Allah Ya ƙara mata lafiya da nisan kwana.

Ita Inna ba mai fita ba ce, kuma ba wanda zai iya ce mata ta shirya a tafi shagon mai hoto. Duniyarta ɗakinta ne: taga guda ƙarama da labule, darduma, carbi, rediyo, sai jikoki masu shiga da fita. Na gwada da wayata ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A fuskar waya sai ka ga hoto ya yi kyau, amma da an buɗe shi a kwamfuta sai ka tarar wayar ta goge fatar sumul kamar an shafa mai, duk layukan fuskar da nake son adanawa sun tafi. Daga nan na fara tarin kuɗin kyamara.

Abin da na iya haɗawa, kusan albashina na wata biyu na koyarwa, bai kai sabuwa ba, saboda haka ta hannu na nufa. Bayan tambaye-tambaye, zaɓin ya tsaya tsakanin iri biyu. Ta farko ita ce marar madubi, irin ta masu koyo. Manyan kyamarorin da muka saba gani a wuyan masu hoton biki suna da madubi a ciki, shi ke tura hoton zuwa tagar da ake sa ido. Tun 2008, lokacin da Panasonic ta fito da Lumix G1, aka fara ƙera waɗanda aka cire wa madubin, jikinsu ya ragu, amma har yanzu ana kwance musu ido, abin da masu sana'ar ke ce wa lens, a ɗaura wani. Wadda kuɗina ya kai a wannan layi ita ce Sony a6000, fitowar 2014. Ta biyu kuwa 'yar aljihu ce, wadda idonta a manne yake da jikinta, in ka kashe ta ya shige ciki ta dawo kamar kwalin sabulu. Wani abokin aikina yana da irinta, Sony RX100 ta uku, ita ma fitowar 2014, kuma ya ara mini ita na mako guda.

Makon nan na ji daɗinsa. Nauyinta giram 290 ne kacal, tana shiga aljihun gaban riga ba tare da ta ja wuya ba. Na je da ita makaranta, na je da ita masallacin Juma'a, na je Kasuwar Kurmi, ba wanda ya kalle ni sau biyu. Ba ta da ƙara in ta ɗauka, sai ɗan tsit da kai kaɗai za ka ji. Na ɗauki Inna tana tsince shinkafa a faranti ba ta ma sani ba, sai da na nuna mata. Hoton ya fi na waya nesa ba kusa ba. Da na tsaya nan da an gama magana.

Amma na riga na karanta maganar sensa, wato ɗan farantin da ke bayan ido wanda haske ke sauka a kansa ya zama hoto. Na 'yar aljihun, wanda ake kira inci ɗaya, milimita 13.2 ne a 8.8. Na a6000 kuwa milimita 23.5 ne a 15.6, girman filinsa gaba ɗaya ya ninka wancan sau uku da 'yan kai. Kamar tarar ruwan sama ne: mai baho ya fi mai kwano samu. Tunda damuwata duhun ɗaki ce, sai na ga ai babu wani dogon lissafi, babban sensa zan bi. Mai shagon da na je wurinsa ma bai ɓata lokaci ba. Ya ɗora mini su biyu a kan kanta ya ce, "Malam, wannan ta 'yan yawo ce, wannan kuwa ta aiki ce. In ka gaji da wannan ido, ka sauya wani." Na duba batir, na duba ko akwai ƙarce a gilashi, na ɗauki hoton farin bango don in ga ko sensa na da tabo kamar yadda aka koya mini, na biya. Ta zo da idonta na asali, milimita 16 zuwa 50 (ma'aunin jawo hoto ne: in lambar ta ƙaru, ido ya ƙara jawo abu kusa), wanda ake haɗa ta da shi daga kamfani.

A daren da na kawo ta gida na shiga ɗakin Inna bayan Magariba na ɗauka. Da na jera hotunan kusa da waɗanda na ɗauka da ta aro, sai jikina ya yi sanyi. Babu wani bambanci na a zo a gani. Yashi-yashin da duhu ke sa wa hoto yana nan a duka biyun, kusan kai ɗaya. Na kwana ina tunanin ko lalatacciya na saya.

Lafiyarta ƙalau, ni ne na yi rabin lissafi. Na duba girman baho, ban duba bututun da ruwan ke bi ya shigo ba. Kowane ido yana da iyakar yadda yake buɗewa haske ya wuce, kuma ana rubuta shi da lamba a gabansa: in lambar ƙarama ce, ƙofar babba ce. Idon 'yar aljihun yana buɗewa f/1.8, in ka jawo hoto zuwa ƙarshe ya koma f/2.8. Nawa kuwa f/3.5 ne, in na jawo ya koma f/5.6. Wato a kowane gefe, idon ƙaramar yana zuba haske mai ƙarfi kusan ninki huɗu a kan nawa. Sensata ta ninka tata sau uku, idonta ya ninka nawa sau huɗu, sai aka tashi canjaras. Har nisan da suke jawowa kusan ɗaya ne: tata 24 zuwa 70 a ma'aunin da aka saba, tawa kuwa, in an juya 16 zuwa 50 ɗin nan zuwa wannan ma'auni, 24 zuwa 75. Ashe giram 460 na ɗauko wa wuyana don in samu abin da giram 290 ke bayarwa a aljihu. Wannan shi ne abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya faɗa mini kafin in kai hannu aljihu: marar madubi da idonta na asali kaɗai ba ta fi 'yar aljihu mai kyau ba a cikin duhu. Fifikonta yana cikin ido na biyu, wanda ba a sa kuɗinsa cikin cinikin farko ba.

Sai da na sake wata uku ina tari kafin na sayi ido na biyu, shi ma na hannu: milimita 50, f/1.8. Ba ya jawowa, ba ya turawa, ƙafarka ce za ta kai ka kusa ko nesa. Amma a daidai wurin da idona na farko ke tsayawa a f/5.6, wannan yana shigo da haske kusan ninki goma. Ranar da na fara gwada shi ba zan manta ba. Wajen hantsi ne, na ɗage labule kaɗan, haske ya sauko a gefen fuskarta tana lazimi. Na ɗaga kyamara sai na ga ɗakin ya yi wa idon kaɗan, kanta kawai yake ɗauka, domin a kan irin wannan sensa 50 tana zama kamar 75. Na ja baya har na fita, na durƙusa a bakin ƙofa ƙafafuna suna tsakar gida. Daga nan na danna. A hoton kana iya ƙirga zaren ɗankwalinta, kana ganin lallen da ya fara kaɗewa a farcenta da ƙwayar carbin da ke tsakanin yatsunta, jeren kwanukan samira da ke bayanta kuwa sun narke sun zama launi kawai. Wannan ne ƙaramar ba za ta iya ba ni ba. Da na san girman ɗakin zai yi haka, da 35 ko 30 na nema, amma ban yi nadama ba.

Ita kuwa ta ji ƙarar, don wannan kyamara tana da ɗan "kas" in ta ɗauka kuma ba a iya kashe shi. Ta ɗago ta ce, "Kai wannan, me kake yi a ƙasa kamar mai neman gafara?" Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. Daga ranar, da ta ga na shigo da jakar sai ta gyara zama ta ja mayafi, fuskar ta koma irin ta hoton katin zaɓe. Sai na koyi zama in yi ta hira da kyamarar a cinya har ta manta da ita. Wannan ma darasi ne da ban zata ba: babbar kyamara tana sauya mutanen da ke gabanta. A gidan biki an sha ɗaukata mai hoton haya, ana tambayata nawa ne kati. A kasuwa kuwa, inda na yi yawo da ta aro ba wanda ya tanka, da wannan sai da wani dattijo mai sayar da kayan yaji ya tare ni yana tambayar wa ya aiko ni. Yana da gaskiya. Tun daga lokacin ba na ɗaga ta a kan kowa sai na yi sallama na nemi izini, kuma da ƙaramar ma haka ya kamata in yi tun farko.

Inda ta biya ni kuɗina sosai shi ne abin da ke motsi. Tana da wuraren kama hoto 179 a kan sensarta, tana ɗaukar hoto 11 a daƙiƙa guda tana bin abin da ke gudu. Na je da ita hawan Daushe da aron dogon ido mai kaiwa 210, na tsaya a gefen Ƙofar Kudu, na kamo mahaya a tsakiyar jafi, ƙura na tashi, amawali a fuska, komai tar. Da 'yar aljihun da ke tsayawa a 70, da dawakan sun fito ƙanana a can nesa. Haka kuma yara: in kana da masu rarrafe da masu gudu a tsakar gida, saurin kamawar nan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai maganar ƙura, wadda duk mazaunin Arewa ya kamata ya sa a lissafi. Wata rana cikin hunturu na sauya ido a tsakar gida, iska na kaɗawa, bakin kyamara a sama. A marar madubi irin tawa, da ka kwance ido sensa tana nan tsirara, ba abin da ya kare ta. Bayan kwana biyu duk hoton da ke da sararin sama a ciki sai ya fito da ɗige-ɗige uku a wuri ɗaya. Laifina ne. Yanzu sai a ɗaki nake sauyawa, in kashe ta, in kifa bakinta ƙasa, kuma 'yar robar hura iska ba ta barin jakata. Kada ka hura da baki, kada ka sa bakin riga. Ita 'yar aljihu ba a buɗe ta, amma idonta da ke fita yana komawa yakan ja ƙura sannu a hankali, kuma in ta shiga sai mai gyara ya kwance ta gaba ɗaya. Tawa aƙalla ina iya kai wa ga dattin. Batir kuwa duka biyun ba su da ƙarko, hoto ɗari uku da 'yan kai ne a caji guda, sai dai ana cajinsu da igiya irin ta waya, wanda a garin da wuta ke zuwa ta tafi ya fi komai amfani. Na ƙara batir ɗaya na huta.

Abin da ba na ɓoyewa shi ne sau da yawa a gida nake barinta. Ba ta shiga aljihu, sai da jaka, kuma mai hawa Adaidaita Sahu zuwa aiki kullum ba ya son ƙarin kaya. Ranar da ɗalibaina suka yi wasan kwaikwayo na ƙarshen zango tana rataye a bayan ƙofar ɗakina, da waya na ɗauka. Abokina mai 'yar aljihu ya fi ni yawan hotuna, kuma a cikinsu akwai waɗanda ba zan taɓa samu ba. Shi ya sa da ƙanwata, wadda ke sana'ar cincin da dubulan tana tallatawa a intanet, ta ce tana son irin tawa, na tambaye ta ko za ta iya sayen ido na biyu cikin shekara. Ta ce a'a. Na ce to ta nemi ƙaramar, ta ajiye faranti kusa da taga. Na kuma ja kunnen wani ɗan'uwa da ke neman marar madubi ta hannu, ya fara bincikar ko har yanzu ana ƙera idanun da ke hawa bakinta, domin kowane layi da nasa baki. Canon, alal misali, ta rufe layin EOS M a 2023, kuma idanunsa ba sa hawa sababbin EOS R.

Hoton nan na bakin ƙofa na kai aka wanko shi babba, na sa masa gilashi, na kawo wa Inna. Ta karɓa da hannu biyu ta matsa kusa da taga, ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Ashe haka na tsufa." Sannan ta ce mayafin da ke jikinta a hoton na zaman gida ne, bai kamata a aika wa 'yar'uwarta ta Gaya da shi haka ba, in dawo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta sa mai ruwan toka, kuma in zo da yaran duka a ɗauke su tare.