Totur da zafin Sakkwato: abin da simuleta ta koya mini

A ɗan ɗakin kwamfutar da nake koya wa samari tuƙin jirgin sama a manhaja, babu ƙorafin da ya kai na totur yawa. Yaro zai tura sandar totur har ƙurya, jirgi ya yi ta jan jiki a kan titi, sai ya waiwayo ya ce, "Malam, totur ɗin ga bai jin magana." Yawancinsu burinsu shiga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, shi ya sa ba na ɗaukar maganar da wasa. Halin da yaro ya saba da shi a gaban allo, da shi zai shiga jirgin gaske.

Abin da nake fara bincikawa shi ne ko kwamfuta na jin hannun yaron kamar yadda ya motsa shi. A Windows, in ka buɗe joy.cpl, wato wurin gwada na'urorin wasa, za ka ga layin da ke bin motsin sanda. In ka tura a hankali layin ya bi ka sumul, na'urar lafiyarta ƙalau. In kuwa yana rawa alhali hannunka na tsaye, to ƙura ce. Totur masu araha da irin abin da ke cikin maɓallin ƙara muryar tsohuwar rediyo suke aiki, ƙarfe na gogar wani siririn layi, kuma ƙurar hunturu ba ta barin wannan layin. Daga Disamba zuwa Fabrairu feshin wanke kayan lantarki ba ya rabuwa da teburina, kuma kowace na'ura da ƙyallen rufinta. Totur masu aiki da maganaɗisu sun fi jure ƙura, sai dai kuɗinsu.

Saitin manhaja ba ya cin lokaci. Ko dai an juya sandar ta koma gaba baya, ko kuma na'urori biyu na riƙe da totur ɗaya suna ja-in-ja, domin Microsoft Flight Simulator kan raba wa sabuwar na'ura aiki da kanta da zarar an jona ta. A goge ɗaya, shi ke nan.

Inda na fi ƙaruwa shi ne ranakun da na'ura lafiya, saiti lafiya, amma jirgin ya ƙi gudu. Muna tashi daga filin jirgi na Sultan Abubakar III da ƙaramin jirgi Cessna 172, samfurin da ke da injin Lycoming mai ƙarfin doki 180. Wannan 180 ɗin a daidai gaɓar teku aka auna shi, a zafin digiri 15. Filin Sakkwato yana kusan ƙafa 1,000 sama da teku, inda a lissafin masu jirgi ake sa ran digiri 13. Mu kuwa da rana a watan Afrilu wuce 40 ba labari ba ne. Iska in ta yi zafi takan rage nauyi, inji ya shaƙi kaɗan. Matuƙa na ƙiyasta ƙafa 120 a kan kowane digiri ɗaya da ya haura ƙa'ida, don haka a digiri 42 injin ji yake kamar yana wajen ƙafa 4,500. Irin wannan injin na rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, ka ga fiye da kashi 10 sun tafi tun jirgi bai motsa ba. Farfela ma ba ta samun iskar da za ta kama sosai, fukafukai haka. Idan an kunna yanayin gaske a manhajar, duk wannan tana lissafa shi.

Gwajin da nake sa su yi mai sauƙi ne. A taka birki, a tura totur duka, a karanta agogon juyi. Littafin jirgin ya ce a tsaye ya kamata a ga tsakanin 2,300 da 2,400 a minti. Daga nan a tashi a lura da inda tayoyi suka bar ƙasa. Sai a mayar da zafin manhajar digiri 15, kada a taɓa komai, a sake. Bambancin tsawon titin da jirgin ya ci ya fi duk wani bayani nawa shiga kansu. A nan ne kuma nake nuna musu jan maɓallin da ke daidaita mai da iska, wanda da yawansu ba su taɓa kula shi ba. Iska ta ragu, mai bai ragu ba, sai haɗin ya yi wa injin yawa. A ja shi baya kaɗan-kaɗan har agogon juyi ya kai ƙololuwarsa, sai ka ji muryar injin ta washe.

Masu son manyan jirage nasu ƙorafin jinkiri ne. Injin jet ba ya amsawa nan take, sai ya ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya taso daga ƙasa, har dokar gwajin manyan jirage ta Amurka ta ba shi daƙiƙa 8 in za a fasa sauka. Yaron da bai san haka ba sai ya riƙa tura sanda yana janyewa, gudu na hawa yana sauka. A Airbus A320 kuma sandar na da matsayai, bayan tashi a CL, wato matsayin hawa sama, take zama, kwamfutar jirgin ce ke ƙara wuta da ragewa. In ba a daidaita na'urar tebur da wannan matsayin ba, sai rubutun LVR CLB, mai cewa a mayar da sandar CL, ya yi ta ƙyaftawa a allo, yaro na zaton inji ne ya lalace.

Abu ɗaya da na hana a ɗakin shi ne murɗa saitin kaifin totur don jirgi ya ji kamar ya ƙara ƙarfi. Saitin ba ya ƙara wa inji komai, hannu kawai yake ruɗawa. Yanzu kafin kowa ya kunna inji sai ya rubuta zafin ranar da tsayin filin a takarda, ya lissafa tsayin da injin zai ji, ya faɗa mini ko titin zai ishe shi da mutum huɗu da cikakken tanki.