Dajin Dinder da waɗanda suka riƙe shi

Mu 'yan Maiwurno da ke ƙasar Sudan mun taso muna jin sunan Dinder a bakin masunta da masu lori tun ba mu san akwai wani abu wai shi gandun daji ba. Kakanninmu sun sauka a bakin Kogin Nilu Shuɗi ne bayan yaƙin Burmi da Turawa suka yi da Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, to ka ga mun riga dokar da ta killace dajin zama a wannan yanki. Sai a 1935 Turawan Ingila suka ware shi, shekara biyu bayan yarjejeniyar da aka ƙulla a Landan kan kare namun dajin Afirka. Yau faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 10,000, yana manne da iyakar Habasha. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take kulawa da su a 1979, a 2005 kuma ya shiga jerin Ramsar, wato jerin dausayoyin da duniya ta amince da muhimmancinsu.

Ni dai abin da ya fi kama mini zuciya a Dinder shi ne maya. Kogin Dinder ba mai gudu ne duk shekara ba. Da damina yakan sauko daga duwatsun Habasha da ƙarfinsa, ya yi ambaliya, ya cika tsofaffin hanyoyin da ya taɓa bi ya bari. Idan rani ya shigo sai ya zama yashi da 'yan kududdufai. Waɗancan fadamun da ya cika su ne maya, su ke riƙe ruwa da ɗanyar ciyawa har tsakiyar bazara. Kowacce da sunanta, kamar Ras Amir da Abdel Gani. A nan ɓauna da gwambaza da kwanta-rafi da gadu suke taruwa, zaki kuma yana laɓe a gefe. Tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai ma nan suke yada zango.

Lokacin da nake koyarwa, mun taɓa kai yara sansanin Galegu da ke cikin gandun a bayan lori. Hanyar baƙar ƙasa ce, da damina ba ta biyuwa ko kaɗan, shi ya sa ba a zuwa sai da rani. Yaran sun zo ganin zaki, amma abin da ya faranta mini rai daban ne: duk itacen da mai gadi ya nuna ya faɗi sunansa da Larabci, sai su amsa masa da Hausa. Ya ce dom, su ce goruba. Ya ce hijlij, su ce aduwa. Ya ce sunut, su ce gabaruwa. Itatuwan da kakanninsu suka baro a ƙasar Sakkwato ne suka tarar a nan tsaye, ba wanda ya sare su.

Wannan mai gadin nake yawan tunawa. Takalminsa ya tsage, albashinsa bai taka kara ya karya ba, iyalinsa suna can nesa, amma ya san sawun kowace dabba da lokacin da take saukowa ruwa. Irinsa da yawa sun kwana a daji suna fuskantar mafarauta masu bindigar da ta fi tasu, wasu ba su koma gida ba. Idan ana tarihin Dinder, shekarun da aka sa hannu a takarda ake lissafawa. Ni a wurina waɗannan bayin Allah su ne tarihin.

Kawuna masunci ne, kuma ba ya son jin wannan magana tawa. Yakan ce mini, "Ɗana, kifin da ke cikin maya wa ya hana shi ruɓewa idan ruwa ya ƙafe?" Ba na raina ƙorafinsa, domin talakan da ke bakin daji shi ke biyan kuɗin kiyaye shi. Sai dai ba masunci ne ya ci Dinder ba. Dabbobin nan da damina sukan bar gandun su fita filayen da ke kewaye, to manyan gonakin tarakta na dawa da riɗi suka cinye waɗannan filaye, suka kuma toshe burtalin makiyaya. Makiyayi ya rasa inda zai bi, sai ya kora shanunsa cikin gandu. Farin 1984 ya ƙara turo mutane da dabbobi. A haka raƙumin dawa ya ɓace daga Dinder, dabbar dari ma, wani nau'in kanki da ake gani garke-garke, ta zama labari.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 bai bar jihar Sinnar ba, har garin Dinder ya shiga a 2024. Mutanenmu sun watse, wanda ke neman abin da zai sa a bakin 'ya'yansa ba za ka yi masa zancen ɓauna ba, ni ma ba na yi. Amma ina roƙon Allah Ya kawo lafiya mu ga an yashe mayoyin da laka ta cike, an buɗe wa makiyaya burtalinsu a wajen gandu, an ɗauki 'ya'yan ƙauyukan bakin kogunan Dinder da Rahad aikin gadi. Jikokina ba su taɓa zuwa Galegu ba, kuma ina son in kai su da kaina tun ina iya hawa lori.