Darussan da na koya daga haƙar kirifto da tsofaffin kwamfutocin ofis

Tunda na ajiye aiki mutane ke ta kirana wai me ya faru, wasu ma an ce musu ni ne na ƙona kwamfutocin ofis garin neman kuɗin kirifto. Da na yi niyyar in ja bakina in yi shiru, to amma shirun ya fara zama kamar na amsa laifin, shi ya sa zan faɗi abin da ya faru kuma ba zan kama sunan kowa ba. Ku da muka yi aiki tare kun san siton nan na bayan sashenmu inda ake jibge kwamfutocin da aka canza, kun kuma san wanda makullinsa ke hannunsa.

Shawarar daga wajen Oga ta fito. Wani bidiyo ya kalla, ya kira ni ya ce, "Injiniya, kwamfutocin can suna zaune ba sa komai, kuɗinsu tuntuni aka biya, ka je ka jona su su dinga haƙo mana Bitcoin." Na ce ranka ya daɗe ai wannan zamanin ya wuce. Gaskiya ne a 2009 da Bitcoin ya fito mutum na iya haƙa, wato ya sa inji ya dinga wani lissafi don samun lada, da kwamfutar da ke kan teburinsa, kuma lokacin kowane bulok, wato sabon shafi a littafin cinikin Bitcoin, Bitcoin 50 ne ladansa, amma tun 2010 mutane suka koma katin girafik, a 2013 kuma aka fara fito da injinan ASIC waɗanda ba su san wani aiki ba a duniya sai wannan lissafin guda ɗaya. Na yi masa bayanin abin da masu irin wannan bidiyon ba sa tsayawa su faɗa: tsarin an yi shi ne bulok ɗaya ya dinga fitowa kusan duk minti 10, ko mutum goma ne ke haƙa ko miliyan goma, duk bayan bulok 2016 sai a sake daidaita wahalar lissafin. Ke nan ba wai ka ƙara inji kuɗi su ƙaru ba ne, kason ka kawai kake samu gwargwadon ƙarfinka a cikin ƙarfin duniya gaba ɗaya. Wani injin ASIC mai suna Antminer S9 da ya fito a 2016, wanda su kansu masu sana'ar suke kallonsa a tsohon yayi, yana yin hash, wato gwajin wannan lissafin, wajen sau tiriliyan 13 a sakan ɗaya. Namu kwamfutocin masu furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, samfurin Core 2 Duo in sun yi ƙoƙari miliyoyi kaɗan za su yi. Ya ninka su fiye da sau miliyan. Ga shi ladan ma raba shi biyu ake yi duk bayan kusan shekara 4, daga watan Afrilun 2024 ya dawo 3.125.

Sai ya ce to Ethereum fa? Na ce wannan kuɗin kirifton an daina haƙarsa tun 15 ga Satumban 2022, kuma tun kafin nan ma katin da bai wuce 4GB ba ya riga ya fita daga wasan, namu kuwa ko katin ba su da shi. Sai ya ce ai ƙaninsa yana mainin da waya. Wannan ma na faɗa masa, danne-dannen nan da ake yi a waya ana tara maki wani abu ne daban, wayar ba wani bulok take nema ba, jira ake masu manhajar su raba wa mutane abin da suka ga dama. Ya yi shiru yana kallona, sai ya ce, "Matsalarku ku 'yan boko komai sai ku ce ba zai yiwu ba. Je ka nemo wanda zai yiwu."

Na je na nemo, domin akwai shi, wani kuɗin kirifto mai suna Monero. Tun Nuwamban 2019 suka koma wani tsari da ake kira RandomX wanda da gangan aka tsara shi don furosesa ta kwamfutar gida ta iya gogayya, kuma wallahi ina ganin mutuncin wannan tunanin har yau. Amma furosesa ta zamani ake nufi. Kafin ya yi gudu yana son RAM sama da 2GB da zai zuba bayanansa shi kaɗai, yana son kowane layin aiki ya samu wajen 2MB na ƙaramar ma'ajiyar nan ta cikin furosesa, sannan yana dogara da AES-NI, wata fasaha a cikin furosesa mai hanzarta lissafin ɓoye bayanai, wanda Intel ba su fara sa shi ba sai 2010, Core 2 Duo kuwa ɗan 2006 ne. Rabin namu RAM ɗinsu 2GB ne cif, ka ga tun daga ƙofa an mayar da su.

Na zauna na yi lissafi a takarda, kuma wannan lissafin shi ne abin da nake alfahari da shi a duk zamana a wurin. Monero bulok ɗaya duk minti 2, wato 720 a rana, kowane ɗaya ladansa Monero 0.6, jimla 432 ke nan a rana da duk masu haƙa a duniya za su raba. Ƙarfin duniya yana kan biliyoyin hash a sakan, na ɗauki biliyan 2 kacal don in yi wa shawarar alfarma. Kowace kwamfuta na ba ta hash 200 a sakan, wanda yawancinsu ba su taɓa kaiwa ba. 200 cikin biliyan 2 ɗaya ne cikin miliyan 10. Ke nan kwamfuta ɗaya za ta samo 0.00004 da ɗoriya a rana, guda 20 da ke siton gaba ɗaya a wata ba za su wuce 0.026 ba. Wuta kuma fa? Kowace ɗaya in tana aiki ba hutu wajen wat 100 take sha, a rana kilowat-awa 2.4, a wata 72, guda 20 ya zama 1,440, ban ma sa kuɗin sanyaya ɗakin ba. Duk mai so ya ninka wancan da farashin Monero na ranar da yake karanta wannan, ya ninka wannan da kuɗin wutar inda yake, ya ajiye su gefe da gefe. Ɗiban ruwa da rariya ne kawai. Furosesa ɗaya ta Ryzen mai kyau tana haura hash dubu 10, ita kaɗai ta fi duk abin da ke cikin siton nan sau biyu da wani abu, da wutar da ba ta kai ta guda uku a cikinsu ba.

Na tura masa ta imel. Bai amsa ba, sai ya tare ni a baranda ya ce, "Kai komai sai ka rubuta? Wutar daga aljihunka za a biya? Ka jona kawai." Na ce yallaɓai daga aljihun ma'aikata za a biya ai, ya ce wannan ba hurumina ba ne. Umarni ne, na jona.

Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfutar da ta yi shekaru a ajiye ya san abin da na tarar. Ƙura ta dunƙule a kan ƙarfen da ke sanyaya furosesa ta zama kamar soso, man nan da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe ya ƙame sai ka sa abu ka kankare shi, wasu ƙananan kafasito a kan madabod kawunansu sun kumbura, wasu har sun fara zubar da wani ruwan ƙasa-ƙasa. Ni da wani yaro ɗan koyon aiki muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna hurewa muna gogewa. Na rubuta a sayo sabon man shafawa da fankoki, ya ce ai amfanin abin shi ne kada a kashe ko sisi. Waɗannan na'urori an saye su ne don buga takardu da tura saƙo, furosesar ta ɗan motsa ta huta, ba a taɓa ɗora musu aiki ɗari bisa ɗari dare da rana ba. In ka shiga ɗakin zafi ne zai fara marinka, sai ƙarar fankoki, akwai wata da take karkarwa kamar za ta ɓalle. Da furosesa ta yi zafi sai ta rage gudu da kanta don kare kanta, sai ka ga hash ɗin a allo yana sauka alhali mita tana ta gudu.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar antibairos. XMRig, manhajar da ake haƙar da ita, antibairos yana kama ta, dalili kuwa ita ɓarayin intanet ke cusawa a kwamfutocin mutane su dinga haƙa ba da sanin mai ita ba. Oga ya ce a kashe antibairos ɗin gaba ɗaya. A nan kam na tirje, na ce sai dai a raba su da layin intanet ɗin da sauran ofis ke kai, in ba haka ba ba da hannuna ba. Ya ji haushi, amma na raba su. Walet ɗin kuwa, wato asusun da kuɗin za su shiga, shi ya buɗe a wayarsa, kalmomin sirrin suna wajensa, ni adireshi kawai ya turo min in liƙa.

Ba a daɗe ba akwatin wutar kwamfuta guda ɗaya ya yi ƙara ya tashi da wari, ya tafi da madabod ɗin, wasu suka bi baya. Gungun masu haƙar da muka shiga, inda ake haɗa ƙarfi a raba lada, suna da iyakar da sai ka tara ta kafin su turo maka, to lokacin da takardar kuɗin wuta ta iso ko ƙwandala ba ta shiga walet ba. Da manya suka tambaya a mitin, ina zaune, Oga ya buɗe baki ya ce yaran sashen kwamfuta ne suka kawo masa shawara shi kuma ya ba su dama su gwada don kada a ce yana danne matasa. Ko kallon inda nake bai yi ba.

Aka ba ni takardar tuhuma, wai amfani da kayan ma'aikata ba bisa ƙa'ida ba. Na amsa da shafi ɗaya, na haɗa da imel ɗin nan mai kwanan wata da lissafin. Aka janye tuhumar a ɓoye, ba wanda ya tsaya a gaban mutanen da aka ci mutuncina a gabansu ya ce an yi kuskure, shi kuma Oga ko tambayarsa ba a yi ba, ko ina walet ba a ce ba. Yaron nan ɗan koyon aiki da ba shi da imel ɗin da zai nuna, shi aka rubuta wa cewa bai kula da kaya ba, aka ƙi tsawaita masa zama. Yaro ne mai ƙwazo, ƙura kawai ya share. Wannan shi ne abin da har yanzu in na tuna zuciyata ke tafasa, kuma daga nan na san zamana ya ƙare.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Duk wanda ya ce maka inji kyauta ne ka tambaye shi wa zai biya wuta. Hash nawa kake samu a kan kowane wat, wannan ake dubawa, yawan akwatuna ba ya nufin komai. Umarnin baki ka maimaita shi a rubuce ko da za a ce ka cika iyayi, kuma ka sa sunan na ƙasa da kai a ciki, ni ban san haka ake kare su ba sai da na gani. Walet ɗin da ba kai ke riƙe da kalmominsa ba, ba naka ba ne.

Kuma kada wani ya ɗauka ina cewa tsohuwar kwamfuta shara ce. In don koyo ne, ka ɗauki ɗaya ka sa mata Linux ka kunna XMRig na yini guda ka ga yadda ake karɓar aiki daga gungu ana mayarwa, za ka fahimci abin fiye da kallon bidiyo ɗari, sai ka kashe. Waɗancan guda 20 ɗin da an sa musu ƙaramin SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, da sun ishi masu koyon kwamfuta aiki na wasu shekaru, na ma taɓa rubuta wannan shawarar kafin duk wannan ya taso. Waɗanda suka tsira an mayar da su sito, kuma har ranar da na miƙa katin aikina ba a amsa min waccan takardar ba.