Rahotona a kan Jalen Brunson kafin zaɓen NBA na 2018

A shekarar 2018 ina cikin masu rubuta wa wata ƙaramar mujallar wasanni rahoto a kan 'yan ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka da za su shiga zaɓen NBA, wato zaɓen da ƙungiyoyin babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka ke ɗaukar sababbin 'yan wasa bi da bi, kuma aka ba ni ɓangaren masu tsara wasa. Har yau raina yakan sosu idan na tuna abin da aka yi wa rahotona a kan Jalen Brunson na Jami'ar Villanova, domin na sanya shi cikin 20 na farko, amma editanmu ya mayar da shi zagaye na biyu, wato bayan 30 na farko, wai gajere ne kuma ya riga ya cika shekara 21.

Ban musa hujjar ba. Tsayinsa bai wuce mita 1.88 ba, hannayensa ba su da tsawo, kuma ba shi da gudun Collin Sexton na Alabama ko jifan nesa irin na Trae Young na Oklahoma. Na ma rubuta ƙarara cewa zai sha wahala wajen tare 'yan wasan da suka fi shi tsawo da sauri. Sai dai tambayar da nake yi wa duk mai tsara wasa ita ce: idan ya shiga gasar da kowa ya fi shi gudu, me zai rage masa? Yara da yawa suna cin maki a jami'a ne kawai saboda sun fi mai tare su sauri, kuma wannan fifiko yakan ɓace a NBA. Brunson kuwa da ƙafafunsa yake cin maki. Yakan kutsa kusa da kwando, ya tsaya cak a kan ƙafa biyu, ya yi kamar zai jefa, ya juya, ya sa kafaɗa, sai mai tare shi ya tashi sama a banza sannan ya saki ƙwallo da hagunsa. Koci Jay Wright har yakan sa shi ya juya wa abokin karawa baya a gindin kwando, aikin da aka saba bar wa dogaye. A kakar 2017-18 yana cin maki 18.9 a kowane wasa, fiye da rabin jifansa na shiga, ya kuma lashe kyautar Wooden da ta Naismith, waɗanda ake ba gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara.

Abin da ya rusa mini hujja wasa ɗaya ne, wato wasan ƙarshe na gasar jami'o'i da Michigan. Villanova ta yi nasara da ci 79 da 62, amma Brunson maki 9 kaɗai ya ci, yayin da Donte DiVincenzo ya taso daga benci ya zuba 31. Editan ya riƙe wannan dare tamkar shi ne dukan kakar. Na roƙe shi ya kalli cikakkun wasanni, musamman waɗanda jifa bai yi wa Brunson kyau ba, ya ga yadda ba ya zubar da ƙwallo ko ya rikice, amma guntayen bidiyo sun riga sun yanke masa hukunci.

Ranar zaɓe sai ƙungiyoyin ma suka bi ra'ayinsa. An ɗauki abokan wasansa na Villanova kafin shi: Mikal Bridges na 10, DiVincenzo na 17, Omari Spellman na 30, sannan Dallas ta ɗauki Brunson na 33. Na daɗe ina shan zolaya a ofis. Sai a 2022, lokacin da tauraron Dallas Luka Doncic ke jinya, Brunson ya ci wa Dallas maki 41 a kan Utah a wasannin fidda gwani, daga nan New York Knicks ta ba shi kwantiragin dala miliyan 104 na shekara huɗu, kuma a 2024 aka zaɓe shi cikin taurarin gasar.

Tun daga lokacin na sauya yadda nake miƙa rahoto. Ba na barin awon tsayi ya zo a layin farko, domin mai karatu yakan tsaya a nan, kuma duk ɗan wasan da na yaba ina haɗa shi da cikakkun wasanninsa mafi muni. Editan bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tuna masa ba, amma rahoton na asali yana nan a kwamfutata da lambar da na ba Brunson.