Ƙwayoyin da ke shiga sahu da kansu

Akwai abin da ba na gajiya da kallonsa a ƙarƙashin madubin likita: ƙananan ƙwayoyi suna shiga sahu ba tare da kowa ya taɓa su ba.

A bututun da faɗinsa bai wuce kaurin silin gashi ba, ruwa ba ya hargitsewa. Layi-layi yake tafiya, na tsakiya ya fi gudu, na jikin bango kuwa kusan a tsaye yake. Ka zuba mitsi-mitsin ƙwallayen roba a ciki, da farko a warwatse za ka gan su, kowace ta kama gabanta. Ka ƙara wa ruwan sauri, ka duba can gaba, sai ka tarar sun jeru. In bututun mai kusurwa huɗu ne, sahu huɗu suke yi, kowanne kusa da tsakiyar bango ɗaya.

Wasu masana kimiyya biyu, Segré da Silberberg, su ne suka bayyana wannan a 1961. A zagayayyen bututu sun ga ƙwayoyin sun tsaya a wajen kashi 60 cikin 100 na tazarar da ke tsakanin tsakiya da bango, in an auna daga tsakiya. Ƙarfi biyu ne ke ja-in-ja a kansu: bambancin gudun ruwan yana ingiza ƙwayar wajen bango, bangon kuma yana tunkuɗo ta. Inda suka yi kunnen doki, nan take zama.

A 2007 Dino Di Carlo da abokan aikinsa suka nuna hakan a ƙananan bututai. Ni dai wannan ne ya fi taɓa min zuciya, domin in an lanƙwasa bututun, manyan ƙwayoyi da ƙanana sahu daban-daban suke bi, kuma da wannan dabarar masu bincike ke tsamo ƙwayoyin cutar daji daga cikin jini.