Teburina a Baje Kolin Tsoffin Kuɗi

Akwati biyu ke ɗauke duk kayan sana'ata: tsoffin sulallan ƙasashen waje, lambobin tunawa da tarihi, ɗan sikeli, maganaɗisu da gilashin ƙara girma. Duk inda masu sha'awar tara irin waɗannan kaya suka shirya baje koli, sai ni da yarona mu kama tebur, mu shimfiɗa ƙyalle, mu jera. Sayarwa ba ta ba ni wahala. Abin da ke cin rai shi ne duba kayan da mutane ke kwasowa daga gida, domin kusan kowa ya ɗauka tsufa ne ke sa daraja.

Wani dattijo ya taɓa kwance ƙullin hankici a gabana, ya fito da liyari, dalar azurfa mai hoton Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya. Ya ɗora yatsa kan 1780, ya ce, "Yaro, ka ga shekarunsa?" Na ce, "Na gani, Baba, amma bari in ba ka labarinsa." A wannan shekara sarauniyar ta rasu. Da yake fatake a Afirka da ƙasashen Larabawa sun yarda da kuɗin, sai aka ci gaba da buga shi ba a taɓa shekarar ba. An buga a Landan, an buga a Roma da Bombay, har yau ma ana bugawa a Viyana. Na ɗora nasa a sikeli, giram 28, azurfa ce ta gaskiya, sai dai kuɗinsa bai wuce na azurfar da yawa ba. Ga shi kuma ya dirje shi da man goge ƙarfe har yana ɗaukar ido. Wannan ne ya fi ba ni takaici. Baƙin da ke hawa azurfa a hankali shi masu tarawa ke nema, in ka goge kuwa, gilashi zai nuna ƙananan ƙarce-ƙarce da ba su da magani. Na taya, ya ce albarka, ya ƙulle abinsa.

Haka ake yi da lambobin naɗin Sarki Edward na Takwas na Ingila. Ya sauka daga mulki a Disambar 1936, kafin bikin da aka sa ranarsa 12 ga Mayu, 1937, don haka mutane ke zaton lambar bikin da ba a yi ba dole ta yi wuyar samu. Ina! Kamfanoni sun riga sun buga su jingim. Kuɗin tunawa da Churchill, tsohon firaministan Birtaniya, na 1965 kuwa, an buga fiye da guda miliyan 19, babu ko ɗigon azurfa a ciki. Duk da haka ina ajiye su, saboda da irinsu sabon shiga ke farawa, kuma shi ne zai dawo baɗi yana neman abin da ya fi.

Manyan masu saye yanzu sun fi son wanda kamfanonin tantance sulalla na Amurka, PCGS ko NGC, suka tantance, suka ba shi maki daga 1 zuwa 70, suka rufe a roba. Ba na musu, yana rage gardama. Ni dai na fi son in ji nauyin abu a tafin hannuna.

Hannun ma ya taɓa yaudarata. Wata yamma ana ta tattara kaya, wani mai gaggawa ya kawo tsoffin dalolin azurfa na Amurka da ake kira Morgan guda shida da araha. Kwaɗayi ya hana ni fito da sikeli daga akwati. Da na je gida na auna, babu wadda ta kai giram 26.73 da ya kamata, ɗaya ma maganaɗisu ya cafke ta caraf, alhali ba ya kama azurfa. Duka jabu ne.

Biyar na jefar, na bar wadda maganaɗisu ya cafke. Tana nan a faranti kusa da ta gaske, duk wanda ya tsaya sai in ce ya nuna mini jabun. Yawanci wadda ta fi ƙyalli suke ɗauka su ce ita ce ta gaske, sai in miƙa musu maganaɗisun.